Hannun da Aka Hana Jika

Talata, da hantsi

Nas ɗin asibitin unguwa ce ta ce in riƙa rubuta duk abin da na ci da lokacin da ƙaiƙayin ya taso. To ga shi: shayi, burodi, ƙwai ɗaya. Shi kuwa ƙaiƙayi ba shi da lokaci. Shi ne mai gidan, ni ce baƙuwa.

Tunda an ba ni littafi da biro, ba a kuma ce ga iyakar rubutu ba, bari in kai ƙara. Angona ya dawo gida tun ranar Juma'a, har yau ban ɗauke shi ba. Jikana kenan, ɗan 'yata Auta. Ya yi gaggawar fitowa a wata bakwai, ina jin labarin kyauna ya ji, sai aka ajiye shi a kwalba a asibiti har ya iya numfashi da kansa. Na yi ta jira. Yanzu bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin kukansa kamar na ɗan mage, amma Auta ta kafa doka: daga bakin ƙofa.

Laifin na hannuna na dama ne. Babban yatsa da biyun da ke binsa sun yi ja, sun fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa, sun tsattsage. Akwai wani kuma a ƙirji, wanda ban nuna wa kowa ba.

"Inna, ba ƙyamarki nake ba," in ji ta. "Fatarsa kamar takarda take. In abin nan yana yaɗuwa fa?"

Na ce, "Hannun nan shi ya wanke miki kashi, ai ba ki mutu ba."

Kalmar ƙarshen tana fita na so in kamo ta in mayar da ita ciki. Auta ta saki labule.

Laraba, bayan la'asar

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ina zaune ƙalau jikina ya tashi rudu-rudu, damatsa da cinyoyi, kamar an zane ni da tsumagiya. Borin jini. Kafin surukina ya dawo daga aiki in nuna masa, duk ya ɓace, ya bar ni da kunya kamar mai ƙarya.

Surukin nan nawa mai gyaran wutar lantarki ne, komai a wurinsa waya ce ta haɗu da waya. Ya ce, "Inna, ai jikinki ne ya yi gobara ta ciki." Na ce to ya zo da abin auna wutarsa ya gwada ni mana, ko ni ma a yanke ni.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi ɗan aikina har aka kira magariba.

Alhamis, da rana

Shayi, shinkafa, lemo. Susa. Ya yi kuka sau uku, ina tsaye a bakin ƙofa.

Asabar, da safe

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga, ta ce kifi ne. Jiya ta ce gyaɗa ce. Shekaranjiya ta ce bakin mutane. Ta miƙo mini wani man shafawa mai warin tsohon takalmi, na karɓa na gode, na shafa wa ƙofar ɗakin girki da ke ƙara. Ƙofar dai ta warke.

Yau surukina ya ji tausayina. Auta na wanka, ya ɗauko Angon ya tsaya da shi nesa da ni kamar taku biyu. Kai, wannan kan! Bai fi lemon zaƙi ba. Na auna shi da ido, na adana awon a zuciyata.

Na ce, "Kai, malalacin miji. Ka zo gari babu ko gaisuwa? Ina tsarabata?"

Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya rufe. Haka kakansa yake yi in na tambaye shi inda ya kwana da hira.

Muka ji ƙarar bokiti, uban ya ruga da shi kamar ɓarawon kaza.

Litinin, bayan azahar

An tura mu babban asibiti, wurin likitar fata. 'Yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai Auta, ga tabarau ya cinye rabin fuska. Ta juya hannuna gaba da baya kamar mai sayen tumatir. Ta ce baƙi biyu ne a jikina, kowa da hanyarsa. Mai tashi ya ɓace, wannan borin jini ne. Mai zama a yatsu kuwa, tana zargin wani abu ne da nake taɓawa kullum.

"Mama, me kike yawan riƙewa da yatsun nan uku?"

Auta na zaune a gefena da jakarta a cinya.

Na ce, "Cokali. Carbi. Kunnen 'yata in ta yi rashin ji."

Likita ta yi dariya ta rubuta. Ta ce mako mai zuwa za a yi mini gwaji a fata, amma sai na daina shan ƙwayar hana ƙaiƙayin nan tukuna, don tana rufe wa gwajin baki. Wato a ƙwace sandar makaho a ce ya yi tsere.

Alhamis, da hantsi

Ba ƙwaya. Na sosa da farce, na sosa da mataji, na goga bayana a jikin bango kamar akuya. Na share tsakar gida sau biyu. Na wanke kofunan da aka riga aka wanke. Na zauna, na tashi, na zauna.

Abu ɗaya ne ke kwantar mini da rai, shi ma sai na rufe ƙofa.

Juma'a, da yamma

An kai Angona awo. Auta ta ce ya ƙaru. Na ce da nawa? Ta ce, "Ya ƙaru dai, Inna." Ba ta son a faɗi alheri da ƙarfi, kada a ji.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Na sani. Ni ma ai an sare ni.

Litinin, bayan mun dawo

Yau an mayar da ni allon makaranta. Nas ta shimfiɗa hannuna na hagu a kan tebur, ta yi zane-zane da biro daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta ɗiɗɗiga ruwa daga ƙananan kwalabe. Wannan na ƙurar ɗaki, wannan na gashin mage, wannan na ciyawa, wannan ƙwai, wannan madara. Kowane ɗigo ta ɗan tsikare shi da bakin wani abu kamar ƙaya. Ta ce in zauna kada in sosa.

Can sai ɗaya ya kumbura, ya yi ja, ya hau ƙaiƙayi. Na ƙwala mata kira. "'Yar nan, zo! Mun kama ɓarawo!"

Ta leƙa ta ce, "A'a Mama, wannan kowa aka sa wa sai ya tashi. Da shi muke gane fatar tana amsawa."

Ashe ɗan sanda na kama. Sauran kuwa shiru, ko ɗaya bai motsa ba. Likita ta ce borin jini sau da yawa haka yake, a nema a rasa dalili, kuma damuwa tana ƙara hura shi. Ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna. Na ce ni? Ni da nake da sabon ango?

Sannan aka zo kan yatsu. Aka ce in tuɓe baya. Nas ta jera mini filasta layi-layi daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya, kowace da ƙananan gurabe, kowane gurbi da abin da aka ɗana a ciki: na roba, na turare, na rini, na ƙarfe. Ta zagaye su da alƙalami mai kauri. Doka: kada ruwa ya taɓa bayan, kada in yi gumi, kada in sosa, sai jibi.

Na ce, "Amarya ba wanka? So kuke ya sake ni tun kafin in tare?"

Har Auta sai da ta murmusa. Na daɗe ban ga haƙoranta ba.

Talata, da rana

Wuri ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar dama yana cina kamar an ɗaure tururuwa a ciki. Na zauna a kan hannayena.

Talata, kafin magariba

Bari in faɗa wa takarda, tunda ba ta da baki.

Saƙa nake yi. Da kwarashina na ƙarfe, wanda ya fi Auta shekaru. Tun ranar da aka sa yaron nan a kwalba na ɗauko shi. Hula nake saƙa masa, da safa. In na gama ɗaya in tura cikin jakar matashi in soma wata. In na ji tafiyar mutum sai in soke kwarashin a ɗaurin zanena, nan ƙirji, in zauna a kan zaren.

Auta ta hana ni. Tun cikin yana wata uku ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, wannan karon ko zare ɗaya kada ki ja sai na ce." Na ce to.

Wancan karon, a cikinta na fari, na cika akwati, mai kayan kuwa bai zo da rai ba. Yana nan saman kwaba, ba mai buɗe shi, ba mai share ƙurarsa.

To amma yaya zan yi da hannun? An hana shi jika. In bai riƙe wani abu ba, haukacewa zai yi.

Laraba, da hantsi

An ɓare filasta. Nas ta ce, "Uhm." Na ce uhm ɗin me? Ta ce sai likita ta sake gani jibi, wani abin ba ya nuna fuskarsa da wuri. Kowa a garin nan ya iya ja wa tsohuwa rai.

Juma'a, bayan azahar

An samu mai laifi. Duk bayan nan fes, sai gurbi ɗaya da ya yi ja, ya tashi da ƙananan ƙuraje, sak irin na yatsuna. Likita ta ɗauka da wayarta ta nuna mini. Rabona da ganin bayana tun ina budurwa, ashe har yanzu da sauransa.

Sunan abin nikel. Wani ƙarfe ne da ake gaurayawa cikin ƙarafa masu ƙyalli: 'yan kunne, makulli, zif, bakin bel, bayan agogo. Ta ce jiki yana iya shekara da shekaru yana zaman lafiya da shi, rana ɗaya ya ce ya gaji. Na ce ai haka aure ma yake.

Ta juya wurin Auta ta ce, "Ba ya yaɗuwa. Ko kaɗan. Jaririnki ba zai ɗauka ba. A raba ta da ƙarfen, ta shafa man da zan rubuta, zai warke."

Ina ta rawa a kan kujera. A mota na ce, "To, yau zan tare?"

Auta na kallon titi. Ta ce, "Bari in ga ya warke tukuna, Inna. Da idona."

Ban yi faɗa ba. Wancan karon ma likita ne ya ce mata babu komai.

Asabar, da yamma

An yi mini fashi da rana tsaka. Auta ta bi ni da faranti: 'yan kunne, zobe, agogo, fil ɗin da nake kama mayafi da shi, duk ta kwashe. An ba ni cokalin roba kamar 'yar yaye. Surukina ya naɗe makullin ɗakina da baƙin salatif ɗinsa na waya, ya naɗe mariƙin ƙofa, ya naɗe kan famfo. Da na tsaya kusa, da ni ma ya naɗe ni.

Auta ta ce, "Akwai sauran ƙarfe a ɗakin nan?"

Na ce, "Sai zuciyarki."

Kwarashin yana nan a ƙirjina lokacin, ya ɗumama da jikina.

Lahadi, da safe

Na ce yau ba zan taɓa shi ba. Ai tsohon ƙarfe ne na kirki, ba irin na yanzu ba, me zai haɗa shi da nikel?

Lahadi, da la'asar

Layi biyu kawai na saƙa.

Talata, da hantsi

Sun fita da Angona da sassafe a gurguje, ko sallama babu. Takalmin Auta ɗaya na nan a bakin ƙofa, da silifas ɗin wanka ta tafi.

Ban sha shayi ba. Borin jini har wuya. Na gama hula guda cur.

Talata, bayan azahar

Sun dawo. Mura ce ta toshe masa hanci, an share an sallame su. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Auta ta zauna a ƙasan tsakar gida ta miƙe ƙafa. Na kawo mata ruwa. Ta karɓa, idonta ya sauka a kan yatsuna. Sun fi na da. Har sun soma tsatsar ruwa.

"Kin gani ko? An raba ki da ƙarfe duka, ga shi yana ƙaruwa. Likitar nan ba ta gano shi ba."

Na janye hannuna.

In na yi shiru, ba ni ba Angona. In na faɗa, na taɓa mata inda ba a taɓawa.

Alhamis, da rana

Shayi. Ban san me kuma na ci ba. Ya koyi wani sabon kuka mai kauri, daga bango nake ji.

Litinin, da yamma

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Auta ta mayar da ni wurin likita, ta shiga da faɗanta a baki. Likita ta ɗauki hannuna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Abin mamaki, iyakarsa nan da nan da nan. Kamar mai riƙe biro. Mama, akwai wani wurin kuma a jikinki?"

Na ce babu. Auta ta ce, "Tana yawan sosa ƙirji."

'Yar da ka haifa ita ke kai ka ƙara.

Aka ce in sassauta zani. Wallahi na manta. Da safe ina cikin saƙa Auta ta buɗe ƙofa ta ce mu tafi, na soke kwarashin yadda na saba, muka fito. Ina kwance ɗaurin zanen sai ya sulluɓe, ya faɗi a kan tayil. Ƙarar da ya yi, ina jin har masu jiran layi a waje sun ji. Ya gangara ya tsaya daidai ƙafar Auta, da ɗan guntun zaren ulu shuɗi a bakinsa.

A ƙirjina kuwa ga jan layi miƙaƙƙe, tsawonsa tsawon kwarashin, kamar an gwada da ma'auni.

Likita ta ɗauka, ta ɗiga wani ruwa a auduga ta goga masa. Audugar ta koma ruwan hoda. Ta ce, "To ga shi nan. Akwai na katako, akwai na roba, Mama, ba sai kin bar saƙa ba." Tana ta murna, baiwar Allah, ta gano abinta. Sai da ta ɗago ta ga fuskar Auta sannan murnar ta koma ciki.

Auta ta ɗauki kwarashin ta jefa a jakarta, muka kamo hanyar gida.

Talata, da hantsi

Ta aiko mijinta da shayina. Ya ajiye, ya yi ta sosa ƙeya. "Inna, ki ba ta lokaci." Na ce lokaci ai shi kaɗai nake da shi, ya ɗebar mata.

Kwarashin yana jakarta. Hannuna yana cinyata kamar baƙon da ba a san inda za a sauke shi ba.

Alhamis, da yamma

Ruwan yatsun ya tsaya. Sun soma bushewa. Ban nuna wa kowa ba.

Da rana na ji motsi a ɗakinta, an ja kujera, an sauke abu mai nauyi daga sama. Daga nan shiru mai tsawo. Na je bakin ƙofa na dawo. Na koma na dawo.

Asabar, bayan la'asar

Ina ninke wanki Auta ta shigo, da Angona a kafaɗa. Cikin ɗakina. Idonta a kumbure. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ina suke?"

Na jawo jakar matashin na zazzage. Huluna suka zubo, shuɗi, fari, ruwan ƙwai, da safa kamar na 'yar tsana. Ta yi ta kallonsu.

"Duk wannan a bayan idona?"

Na ce, "A bayan ƙofa dai. Idonki yana wurin da ya kamata."

Ta ɗauki shuɗiyar. Ta yi bisimilla ta kai kansa, ta ja ta nan, ta ja ta can. Hula ta tsaya a tsakar ka kamar murfin buta. Ta ɗauki fara. Ita ma haka. Ta ɗauki ta ranar Talata, wadda na fi ji da ita. Ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, hula ta yi tsalle ta faɗa ƙasa.

Yawancinsu da awon lemon zaƙin nan na saƙa su, wanda na ɗauka da ido daga nesa. Ashe ina can ina saƙa wa lemo, shi yana nan yana zama kankana.

Auta ta ce, "Inna... ba ta shiga. Ko ɗaya ba ta shiga."

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya, har mijinta ya leƙo da abin gwada wuta a hannu ya ga ko gobara ce.

Na ce, "Laifin wa? An taɓa ɗinka wa miji hula daga bakin ƙofa?"

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta kamo hannuna na dama, ta juya shi gaba da baya yadda likita take yi. Fatar ta bushe, tana saɓa, sabuwa na leƙowa ta ƙasa. Ba ta saki ba. Ta jawo shi ta ɗora a kan yaron.

"To auna da kyau," in ji ta. Ta miƙo mini shi gaba ɗaya.

Yana da nauyi. Wallahi yana da nauyi. Ƙamshin nono, da ɗumi, da wannan wurin mai taushi a tsakar ka yana bugawa a ƙarƙashin yatsuna uku. Na ce, "Sannu da zuwa, maigida. Sai yanzu?" Ya buɗe ido biyu duka, ya yi mini tumbuɗi a kafaɗa. Tsarabar kenan.

Lahadi, da safe

Surukina ya feƙe mini kwarashi daga mariƙin tsohon cokalin katako, ya goge shi sumul. Ya yi kauri, ya ɗan karkace, amma zai yi. Auta da kanta ta kawo zare, ja, ta ce shuɗin ya ishe ta.

Ban soma ba tukuna. Hannun ba shi da sarari.

Shayin ma ya huce.